Kwana Biyar a Bakin Tafkin Fewa

Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Tun kafin zuwan mota da jirgi ya san hanyar Gwanja domin goro, ya san ta Azbin domin gishiri, ya kuma taka da ƙafarsa ya ratsa Wadai da Darfur domin sauke farali. Sai dai kowace tafiya tasa tana da suna, tana kuma da dalilin da za a iya faɗa wa surukai ba tare da sunkuyar da kai ba: fatauci, ko neman karatu, ko ci-rani, ko sada zumunci. Wadda ba a saba da ita ba ita ce mutum ya ɗaura kaya, ya kwance bakin jaka, ya tafi uwa duniya domin kawai ya tsaya ya dubi dutse da ruwa. Ko sunan da aka raɗa mata, wato yawon buɗe ido, bai daɗe a bakin jama'a ba, kuma har gobe kalmar "yawo" da ke cikinsa ba ta wanku daga zargi ba.

Wani malamin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare ta Kano ya ɗanɗani wannan zargi a shekarar 2019. Mutumin ya haura shekara 20 yana koyarwa. Ya zana tsaunukan Himalaya a kan allo sau ba adadi, yakan ma goga alli a ƙololuwarsu domin yara su gane inda dusar ƙanƙara take. Ya haddace tsayin manyansu kamar karatun allo. Amma shi kansa, in aka ɗauke Dala da Gwauron Dutse da wasu duwatsun Jos da ya taɓa kai ɗalibai, bai taɓa hawan abin da za a kira tsauni ba, dusar ƙanƙara kuwa sai a hoto. Da Allah ya nufe shi da tafiya ƙaro ilimi a wata jami'a ta arewacin Indiya, inda ɗan ƙanwarsa yake karatun haɗa magunguna, sai ya ƙudurta a ransa ba zai koma gida ba sai ya ga abin da ya daɗe yana faɗa wa 'ya'yan mutane. An ce gani ya kori ji, shi kuwa jin ma daga littafi ya yi shi.

Da labari ya isa gida, wani abokin aikinsa ya aiko masa da saƙo cewa kuɗin da za a zubar wajen kallon dutse, da an ɗan ƙara a kai ai guzurin Umra ne. Ƙanwarsa ba ta hana a tafi da ɗanta ba, domin ba ta musu da yayanta. Abin da ta ce ta waya shi ne, "Yaya, amana ce na ba ka. Yadda ka ɗauke shi, haka nake so ka dawo mini da shi." Yaron shi kaɗai ne namiji gare ta, mahaifinsa kuma ya rasu.

Garin da suka nufa shi ne Fokara, a ƙasar Nefal. A lokacin ɗan Nijeriya ba ya samun biza a filin jirgin saman ƙasar kamar yadda mafi yawan baƙi suke samu, don haka sai da suka nema tun daga Delhi. Suka sauka Katmandu, babban birnin ƙasar, a farkon watan Nuwamba, suka kwana, da sassafe suka shiga bas. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 200 ne, wato bai kai daga Kano zuwa Kaduna ba, amma sai da suka shafe awa takwas. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse, tana bin gefen kogin Tirishuli, lanƙwasa bayan lanƙwasa, gefe guda bango, ɗaya gefen kuwa kwazazzabo.

Abin da ya fitar da Fokara daban shi ne yadda ƙasa da sama suka yi maƙwabtaka a wurin. Garin yana cikin kwari, tsayinsa daga teku bai wuce mita 800 da 'yan kai ba, har ayaba da lemo suna yi. Amma a arewa da shi, cikin tazarar da ba ta kai kilomita 30 ba, ƙasa ta miƙe tsaye ta tasar wa mita 7,000. Domin a gane nauyin wannan lissafi, dutse mafi tsayi a Nijeriya, wato Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Sai an ɗora kusan uku irinsa. Kowace mita 1,000 da aka hau kuwa zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi, shi ya sa mutum yake iya zama a inuwar ayaba yana hangen ƙanƙarar da ba ta narkewa. A gefen garin kuma tafkin Fewa yake kwance, na biyu a girma a duk Nefal, zurfinsa ya kai mita 24 a inda ya fi zurfi. Ranar da gari ya waye garau, iska kuma ba ta motsa ba, tsaunukan sukan fito a cikin ruwan tafkin, kansu a ƙasa. Wannan hoto shi ne jarin garin. Shi ne a jikin kalanda, shi ne a bangon otal, shi ne a bayan bas.

Ranar da suka isa babu ko alamarsa. Gajimare ya sauko ya rufe arewa ruf, tun daga kan tuddan da ke bayan gari. Malamin ya hau saman benen masaukinsu ya dubi inda taswira ta ce dutsen yake, bai ga komai ba sai fari fat, kamar hazon hunturu. Mai masaukin, wani dattijo tsohon soja, ya ce masa da Turanci ya kwantar da hankalinsa, dutsen yana nan, bai je ko'ina ba. Haƙiƙa Nuwamba yana cikin watannin da aka fi samun sarari, bayan ɗaukewar damina. Sai dai Fokara tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nefal, fiye da milimita 3,000 a shekara, wato ninki uku ko fiye na abin da Kano take samu. Dalili kuwa, iska mai ɗauke da danshi tana cin karo da bangon tsaunukan, sai ta tashi sama, ta huce, ta zama gajimare, ta sauke kayanta a nan. Malamin ya san wannan bayani sarai, ya sha ba da shi a aji, har yakan kawo shi a jarrabawa. Bai taɓa kawowa a ransa wata rana bayanin zai tsaya tsakaninsa da kuɗinsa ba.

Da dattijon ya ji daga Nijeriya suke, sai ya washe baki ya ce, "Sannu! Yaya aiki?" Ashe ya yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Saliyo tare da sojojin Nijeriya, a nan ya tsinci 'yan kalmomin. Alaƙar ma ta girmi haka. Yankin Fokara matattarar sojan Gurka ne, waɗanda Ingila take ɗauka aiki tun ƙarni na 19, kuma a yaƙin Bama, a shekarar 1944, bataliyoyin Nijeriya da na Gurka sun yi yaƙi a runduna guda a bayan dagar Japanawa. Dattijon ne kuma, ko da yake ba Musulmi ba ne, ya nuna musu alƙibla, ya miƙa hannu wajen faɗuwar rana. Yaron ya yi dariya. Bahaushe ya saba kiran salla fuskantar gabas, to a Fokara Makka tana yamma, don haka kwana biyar suka yi suna ba gabas baya suna salla. Agogon ƙasar ma da nasa salo, yana gaba da na Nijeriya da awa 4 da minti 45.

Unguwar bakin tafki titi guda ne dogo. Akwai kantunan kayan hawan dutse, da na 'yan Kashmir masu mayafan ulu, da gidajen abinci, da ƙananan ofisoshi birjik waɗanda sana'arsu sayar da tsoro a kan farashi: tashi da lema, sulalewa a jikin waya daga tudu zuwa kwari, shiga kwale-kwalen roba a kogi mai ƙarfi, faɗowa daga hasumiya da igiya a ƙafa, da tattakin kwana uku ko na mako biyu zuwa gindin tsaunuka. Kowane ofis sai yaron ya tsaya ya karanta. Malamin kuwa abin da ya lura da shi shi ne talakawan gari ba sa yin ko ɗaya daga cikin waɗannan sai in aiki ne. Wanda ya tashi yana hawan dutse domin yanko wa dabba ciyawa ba zai biya kuɗi a hau da shi ba.

Kashegari, da dutse ya ƙi fitowa, suka koma ga ruwa. Kwale-kwalen Fewa na katako ne, an shafe su da fenti shuɗi da ja da rawaya. Ba a bar su sun shiga ba sai da kowa ya ɗaura rigar hana nutsewa, abin da malamin ya yaba ƙwarai, ya kuma tuna yawan rayukan da ake asara a kogunan gida saboda rashin wannan 'yar riga. Wata mata ce ta tuƙa su da filafili guda, ba garaje. A cikin ruwan akwai ɗan tsibiri mai ɗauke da wurin bautar Hindu da ake kira Tal Barahi, mutane suna ta tururuwa da furanni. Su dai suka wuce ta gefe. Da guntun Turancinta matar ta ba su labarin da ake ba baƙi: wai a da gari ne a wurin, wani baƙo ya zo yana bara aka yi ta korarsa gida-gida, sai wata tsohuwa ta ba shi abinci, shi kuma ya ce ta yi maza ta hau tudu, ruwa ya zo ya cinye garin. Masana ilimin ƙasa suna da nasu bayanin, kuma bai yi nisa da na matar ba. Kwarin Fokara cike yake da tsakuwa da laka da suka gangaro daga tsaunukan Annafurna a wasu manyan ambaliyoyi na zamanin da, su ne suka toshe bakin ƙananan koguna, ruwa ya taru ya zama tafkuna. Ko a ranar 5 ga Mayu 2012 kogin Seti, wanda ya ratsa garin, ya yi irin wannan ambaliya ba zato ba tsammani, sakamakon zaftarewar dutse da ƙanƙara can sama, ya hallaka mutane gommai.

Suka sauka a ƙetare suka kama matattakalar dutse da ta ratsa kurmi zuwa wata farar hasumiya ta mabiya addinin Buddha da ke kan tudu. Hawan bai fi na awa guda ba ga mai jini a jika. Malamin ya yi kusan biyu. Gwiwa ta fara magana, numfashi ya ƙi isa, ya zauna ya tashi ya fi sau goma. A wani zama da ya yi wata tsohuwa ta zo ta wuce shi, ta goyo kwando cike da ciyawa, igiyarsa a goshinta, silifa a ƙafarta, ta haɗa tafuka ta gaishe shi ko haki ba ta yi. Sunan kwandon a harshensu "doko", yaron ya ce lallai akwai zumunci tsakaninsa da dako. Gonakin gefen tudun hawa-hawa ne, irin waɗanda ake gani a duwatsun Gwoza da Sukur, ana girbin shinkafa a na ƙasa, tamba kuma tana tsaye a na sama. Da suka kai bisa suka tarar da gari da tafki shimfiɗe a ƙarƙashinsu, arewa kuwa har yanzu a rufe.

Rana ta uku aka tashi da yayyafi, sai suka tafi tsohuwar kasuwa a arewacin gari, inda baƙi ba su cika zuwa ba. Gidaje ne na jan bulo masu tagogin katako sassaƙaƙƙu. Nan ne ainihin Fokara, kuma asalinta zango ce. Ayarin alfadarai yakan gangaro daga wajen Tibet ta kwarin Kali Gandaki da gishiri da ulu, ya koma da hatsi. Wanda ya san yadda ayarin raƙuma yake kawo gishirin Bilma ya koma da gero ba ya buƙatar dogon bayani. Cinikin ya durƙushe bayan shekarar 1959, lokacin da Sin ta ƙara damƙe Tibet, aka tsaurara iyaka, 'yan gudun hijira suka kwararo. Zuriyarsu tana nan a wasu unguwanni na gefen gari ana saƙar darduma. Hanyar mota ba ta iso garin ba sai wajen ƙarshen shekarun 1960. Da ta iso sai ta kawo wani irin ayari, na masu jakar goyo da kyamara. Garin da ya rayu da kayan da ake ratsawa da su ta cikinsa ya koma rayuwa da abin da ake zuwa gani.

A ranar ne malamin ya sayi wani baƙin dutse mai girman ƙwan agwagwa, wanda in an fasa shi akan ga siffar dodon-koɗi a naɗe a ciki. Daga kogin Kali Gandaki ake tsinto irinsu, mabiya Hindu suna girmama su suna kiransu shaligiram. Halittar teku ce da ta zama dutse, shaida ke nan cewa inda tsaunukan suke a yau teku ne a da, kafin ƙasar Indiya ta tunkuɗo ta ci karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce. Tunkuɗar ba ta tsaya ba. Ita ce ta haddasa girgizar ƙasa ta ranar 25 ga Afrilu 2015, wadda ta kashe kusan mutum 9,000 a Nefal.

A daren nan bai yi barcin kirki ba. Kwana uku sun tafi, saura biyu, ribar da ya samu ita ce ciwon gwiwa da dutsen aljihu. Maganar Umra ta dawo masa sabuwa. Wajen ƙarfe huɗu na asuba sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijon ne, ya ce taurari sun fito, tasi yana waje.

Suka hau wani tudu da ake kira Sarankot, mai tsayin kimanin mita 1,600, suka raɓa gefe suka yi sallar asuba, sa'an nan suka shiga cikin ɗimbin jama'ar da suka taru suna jira. Da farko babu komai sai duhu da sanyi mai shiga ƙashi. Can sai malamin ya lura cewa a arewa taurari sun ƙare a wani wuri da bai kamata su ƙare ba, wani baƙin abu ya tare su. Ya ɗauka gajimare ne ya dawo. Yana cikin duban ƙasa-ƙasa, inda hankalinsa ya ba shi kan dutse zai tsaya, sai yaron ya taɓa shi ya ce, "Kawu, ɗaga kanka." Can sama, a inda mutumin Kano yake neman shirwa, wani ɗan tsini ya kama wuta. Ja ne da farko kamar garwashi, sa'an nan ya koma ruwan goro, sa'an nan ruwan zinariya, hasken yana gangarowa sannu a hankali, alhali kwarin da ke ƙasa yana cikin dare, ko fitilun gari ba a kashe ba. Daga nan sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya: Daulagiri can yamma, mai mita 8,167, sai jerin Annafurna, wanda babbansu yake da mita 8,091, a tsakiya kuwa Macafucare mai mita 6,993 ya tsaya shi kaɗai kamar tsinin mashi.

Masu kallo suka ɗauki ihu da tafi cikin harsuna iri-iri. Malamin ya buɗe baki zai yi wa yaron bayanin dalilin da ya sa rana take riskar ƙololuwa kafin kwari, sai ya ji abin da ya fito tasbihi ne. Lissafin da ya haddace daidai yake, ko mita guda ba ta ɓata ba. Abin da lissafi ba ya faɗa shi ne sai an ɗaga kai. Dutsen allo iyakarsa tsawon hannun malami, wannan kuwa ya cinye sama.

Ma'anar Macafucare ita ce wutsiyar kifi, saboda kansa rabe yake biyu, sai dai daga Fokara tsini guda ake gani, sai an zaga ta yamma rabuwar take bayyana. Ya fi sauran cika ido ne domin ya fi su kusa, ko da yake Annafurna ya ɗara shi da fiye da mita 1,000. Shi Annafurna shi ne na farko da ɗan Adam ya taka ƙololuwarsa cikin tsaunuka 14 da suka haura mita 8,000. Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal, su suka yi haka ranar 3 ga Yuni 1950, suka kuma biya da yatsun ƙafarsu, Herzog har da na hannu, domin sanyi ya cinye su. Macafucare kuwa babu wanda aka tabbatar ya taka kansa. A shekarar 1957 wasu Turawan Ingila biyu sun kai kusa ƙwarai, saura kimanin mita 50, suka juyo. Bayan wannan hukuma ta daina ba da izinin hawansa, domin mutanen yankin suna ɗaukarsa wuri mai tsarki. Ƙasar da take samun kuɗin shiga daga sayar da izinin hawan duwatsu ta ware mafi kyawunsu ta ce wannan na kallo ne. Shi ya sa babu tarin gwangwani da tsummokaran tantuna a jikinsa irin wanda ake kuka da shi a Everest.

Da rana ta ɗaga, masu lema suka fara taruwa a wani gangare ƙasa kaɗan da inda suka tsaya. A lokacin daga nan ake tashi. Bayan buɗe sabon filin jirgin saman garin ranar 1 ga Janairu 2023 an sake wa masu sana'ar tsari. Nan yaron ya fito da abin da yake ɓoyewa tun ranar farko.

"Kawu, ni fa ina so in hau."

"Ka tambayi Ummanka?"

"In na tambaye ta ai ba za ta yarda ba."

"To, ka ga ka ba kanka amsa."

Yaron ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Shekararsa 22, ya yi uku a ƙasar mutane shi kaɗai, yana biyan haya, yana dafa abincinsa, yana jinyar kansa in ba shi da lafiya. Malamin ya san in ya ce a'a yaron zai bi, amma zai iya dawowa wata shekara da abokansa ya hau ba da sanin kowa ba. In kuma ya ce e, wani abu ya faru, ba shi da idon da zai dubi ƙanwarsa da shi. Haɗari kuwa yana faruwa. An sha rasa rai a wannan wasa a Fokara, masu sana'ar ma ba su ɓoye masa ba da ya tambaya.

Ya sami dutse ya zauna ya yi awa guda yana kallo, yana ƙirga masu tashi. Ya tambayi wani matuƙi shekarunsa a aikin, ya ce a nuna masa takardar izini, ya shafa igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ga lemar ko-ta-kwana da ke naɗe a jikin mazaunin. Lemar ba irin ta sojan lema ba ce mai saukowa kawai. Fiffike ne na yadi mai aljihuna a gaba, iska ta shiga ta cika su ya miƙe, matuƙi yana baya, fasinja yana gaba. Abin da yake ɗaga ta kuwa darasi ne na ƙaramar sakandare: rana ta gasa gangaren da ke fuskantar kudu, iskar da ke kansa ta yi zafi ta yi sauƙi ta tashi, sai matuƙi ya shiga cikinta ya yi ta kewayawa. Shirwa da ungulu suna can suna yin haka ko fiffike ba su kaɗawa, matuƙan ma su suke duba su gane inda iskar take.

Daga ƙarshe ya ce, "Ni zan fara. In na sauka lafiya sai mu kira ta tare, ni zan yi magana. In ta ce a'a, zance ya ƙare." Ba jarumtaka ba ce, domin mutum ne da ko tsani ba ya son hawa. Ganinsa shi ne ba zai roƙa wa amana abin da bai ɗanɗana ba.

Aka ɗaure shi, aka sa masa hular kwano, ya cusa tasa hular a cikin riga. Matuƙin ya ce kada ya zauna, kada ya tsaya, ya yi ta gudu har sai ƙasa ta ƙare. Ya yi bisimilla ya runtuma. A taku na shida ko na bakwai ƙafarsa ta nemi ƙasa ta rasa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne shiru, babu ƙarar inji, sai kukan iska a jikin igiyoyi. Ya daɗe ido a rufe yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Da ya buɗe sai ga wata shirwa a gefensa, daidai kafaɗarsa, ta karkato kai ta dube shi ta wuce.

Daga nan ne ya ga abin da ba a gani daga cikin kwale-kwale. A yammacin tafkin, inda rafin Harfan yake shigowa, ruwan ya gurɓace, kuma wani faffaɗan fili ya kutso cikinsa kamar harshe. Da can duk ruwa ne. Laka ce da yashi da damina take kankarowa daga tuddai, musamman inda aka yanka sababbin hanyoyi da katafila, ta zo ta kwanta ta zama fadama, fadama ta zama gona, gona ta zama fuloti. A gefe-gefe wata irin kainuwa ta shimfiɗa tabarma, alamar ƙazantar gari tana shiga ruwan. Ta gabas kuma otal-otal sun matso har baki. An sa tafkunan kwarin Fokara cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2016, a 2018 kuma Kotun Ƙoli ta Nefal ta ba da umarnin a bar mita 65 daga bakin ruwa babu gini, amma hukunci a takarda daban, rushe otal daban. Mutumin da ya ga yadda aka cike kududdufan Kano ɗaya bayan ɗaya aka kafa kantuna a kansu bai buƙaci tafinta ba. Dutsen da hannu ba ya kaiwa yana nan yadda yake, tafkin da kowa yake iya taɓawa shi ne yake ƙarewa, in kuwa ya ƙare babu madubin da dutsen zai fito a ciki, hoton kalanda ya tafi ke nan.

Bayan kamar minti 25 suka sauka a wani fili a bakin ruwa. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zube a ciyawa, ciki yana juyawa, sai da ya sha ruwa ya huta. Yaron ya iso a motar masu lemar. A Kano lokacin hantsi bai yi ba. Malamin ya kira ƙanwarsa ya faɗa mata komai bai rage ba: tsayin wurin, da yadda ake ɗaure mutum, da lemar ko-ta-kwana, da cewa wasu sun mutu a ciki, da cewa shi yanzu ya sauko, da cewa yaron yana neman izininta. Ta yi shiru har ya ɗauka wayar ta katse.

"Yaya, kai da kanka? Da gwiwar taka?"

"Ni da kaina."

"Ikon Allah! Na ba ka riƙon yaro, ashe kai ne kake neman mai riƙo. Ba ni shi."

Abin da ta faɗa wa ɗanta malamin bai ji ba, sai dai "To, Umma" da ya yi ta maimaitawa. Da ya kashe wayar ya ce ta ce in ya yi aure ya haifi nasa, ya je ya hau ko gajimare ne. Bai sake magana ba har suka isa masauki, abincin rana ma kaɗan ya taɓa. Sai bayan isha'i ya matso ya ce, "Kawu, wai yaya abin yake?" Malamin ya ba shi labarin shirwar, ya ɗauko takarda ya zana masa inda lakar ta ci tafkin.

Rana ta biyar suka fita tun kafin rana ta fito suka kama hayar kwale-kwale na awa guda. Matar nan ta gane su, ta miƙa wa yaron filafili ta koma baya ta zauna. Ya yi ta kewayawa a wuri guda kafin ya gane kan abin. Da suka ɗan yi nisa da baki ta ce ya ɗauke hannu. Ruwan ya kwanta, Macafucare da jerin Annafurna suka fito a cikinsa, kansu a ƙasa, 'yan ganyen kainuwa suna yawo a kan ƙanƙarar. Yaron ya ɗauki hoto ya aika wa mahaifiyarsa. Ba su cika awar ba suka juya, domin bas ɗin Katmandu da sassafe yake tashi, kayansu kuma suna masauki ba a ɗaure ba.